Idan Ruwan Damina Ya Kashe Kyamara, Wace Za a Saya a Madadinta?

A kudancin Katsina, watan Agusta wata ne na albarka. Daga Funtua zuwa Bakori, Danja, Kafur har Malumfashi, masara ta yi goyo, auduga ta yi kore shar, manomi na kallon hadari yana hamdala. Amma hadarin nan da ke faranta wa manomi rai shi ne fargabar mai hoto, wanda ya rataya jakarsa ya hau babur zai je ɗaurin aure a wani ƙauye. Ruwa kamar da bakin ƙwarya na minti biyar, ko santsi ɗaya a bakin rafi, ya isa ya kashe jarin da aka yi shekaru ana tarawa. Kuma asarar tana zuwa ne a mummunan lokaci, domin da kaka ta yi aka kai amfanin gona kasuwa, bukukuwan aure ke ɓarkewa. Wanda ba shi da kyamara a watan Nuwamba ya rasa cinikin shekara.

Kafin a yi maganar saye, ya kamata a san yadda ruwa ke yin ɓarnarsa. Ruwan sama da ya gauraya da ƙura, ko na kwalbati, yana ɗauke da gishiri da datti masu kai wutar lantarki inda bai kamata ta je ba. Idan batir na ciki, wutar kan tsallaka tsakanin siraran layukan allon kyamara ta ƙona wani abu nan take. Idan ma ba ta ƙona ba, danshin da ya maƙale yana cin ƙarfe a hankali, sai a ga kyamara ta tashi yau, bayan mako uku ta mutu ana tsakiyar kamu. Saboda haka abin farko shi ne a zare batir da katin memori, kuma kada a kunna don a gwada. Binne ta cikin shinkafa ba ya kai ga danshin da ke can ciki, sai dai ya ƙara mata ƙura. A kai ta wurin mai gyaran da zai buɗe ya wanke allon. Idan ya ce babban allo da sensa duk sun taɓu, kuɗin gyara kan kusanci kuɗin wata ta hannu, kuma babu tabbacin za ta daɗe. A nan ne sayen sabon bodi, wato gangar jikin kyamara ba tare da lens ba, ya zama dole.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a shiga kasuwa da tambayar wace ce ta fi fice yanzu. Tambayar da ta dace ita ce: me ya rage mini a jaka? Manomin da sansa na huɗa ya mutu ba ya zubar da garma da karkiya, yana neman san da zai dace da su ne. Lens su ne garmar mai hoto. Sun fi bodi daɗewa, sau da yawa kuma sun fi shi tsada idan aka haɗa su. Kowane kamfani yana da nasa bakin da lens ke shiga. Nikon ya fito da bakin F tun 1959, Canon ya fito da EF a 1987, sannan a 2018 dukansu biyun suka kawo sababbin baki, Z da RF, don kyamarori marasa madubi. Mai lens uku na Canon da ya koma Sony saboda ya ga abokinsa da ita, ya sayi bodi ɗaya ne amma ya ɗora wa kansa bashin sake sayen komai.

Ko a cikin gida ɗaya akwai tarko. Wanda Canon 600D ko 700D ɗinsa ta jiƙe, yakan so ya haura zuwa 6D ko 5D masu babban sensa mai faɗin milimita 36 da 24. Amma lens ɗin EF-S, irin 18-55 da ke zuwa da ƙananan kyamarori, ba ya shiga waɗannan. Abin da zai karɓe shi kai tsaye shi ne irin 80D, 90D ko 7D Mark II. A gidan Nikon kuwa, tsofaffin lens masu alamar AF-D suna dogara da injin da ke cikin bodi wajen saita kaifin hoto. D7200 da D750 suna da shi, jerin D3000 da D5000 ba su da shi, haka adaftar FTZ, mai haɗa lens ɗin F da bodin Z, ba ta juya su. A duba batir ma: 600D da 700D na amfani da LP-E8, su 80D da 6D kuwa LP-E6, don haka sai an ware kuɗin sababbi.

Sai batun mai madubi da marar madubi. Gaskiya ne kamfanoni sun karkata ga marasa madubi, kuma waɗannan kyamarorin sun fi iya bin ido da fuska, sun fi daɗin ɗaukar bidiyo. Wanda rabin aikinsa bidiyon biki ne, yana da dalilin komawa can, da adafta ya ci gaba da lens ɗinsa na EF. Amma a auna da yanayinmu. Bisa ma'aunin kamfanonin, Nikon D750 na ɗaukar hoto kusan 1,230 da caji ɗaya, Canon EOS RP kuwa kusan 250. A ƙauyen da babu wuta, wannan bambanci ne tsakanin gama aiki da tsayawa ana neman janareto. Haka kuma a galibin marasa madubi sensa a buɗe take da an cire lens, ga ƙurar hunturu da ta filin hawan sallah. Mai ɗaukar aure kuma ya fifita bodi mai gurbin kati biyu, kamar 5D Mark III, D750 ko D7200, domin ba a maimaita ɗaurin aure don kati ya lalace.

Yawancin masu hoto a yankin nan na hannu suke saye, daga Kano, Kaduna ko Legas. Babu aibi a haka, amma araha ba ta ado, kuma wata kyamarar da ke kan kanta ita ma ruwa ta sha. A tafi da lens da katin kai. A haska fitila cikin gidan batir da gurbin kati: farin gari ko kore-kore a kan ƙarafa alamar ruwa ce. A dubi kusoshi ko sun yi tsatsa, a leƙa gilashin dubawa ko akwai hazo. A bincika adadin hotunan da shota ta buga: an ƙera 80D don kusan 100,000, 5D Mark III da D750 kuma 150,000, saboda haka wadda ta kusa wannan adadi dole farashinta ya sauka. A ɗauki farar takarda da ƙaramar kafa, kamar f/16, don ganin tabon sensa. Sannan a nemi rasit da 'yan kwanakin gwaji a rubuce.

Kada kuma kalmar kariya daga yanayi ta ruɗi kowa. Robobin da ke jikin manyan kyamarori suna tare yayyafi da ƙura ne, ba nutsewa ba, suna tsufa, kuma garantin kamfani ba ya biyan ɓarnar ruwa. Lens ɗin da ya jiƙe tare da tsohon bodi shi ma a kai shi a duba, domin danshi na haifar da fumfuna a cikin gilashi.

Kirana ga 'yan'uwa masu hoto na Funtua, Malumfashi da kewaye shi ne, kada ku ƙarar da kuɗinku kaf a kan bodi. Ku sayi wanda ya dace da lens ɗinku da aikinku, ku rage na jaka mai hana ruwa, da babbar leda mai kauri, da bokiti mai murfi da ƙullin silika don ajiya a damina. Manomi ba ya kai amfani gida sai ya gyara rumbu. Ku ma ku tanadi rumbun kyamararku tun kafin hadari ya haɗo.