Hutu A Kan Ƙafa: Hanyar Santiyago Da Wuyar Komawa Gida

A galibin ƙasashen duniya, idan aka ce ma'aikaci ya sami hutu, abin da za a zata shi ne ya zauna gida ya miƙe ƙafa, ko kuwa ya je ganin dangi. Amma a ƙasashen Turai da Amurka akwai dubban mutane waɗanda da zarar hutunsu ya zo sai su ɗaura jaka a baya, su tsallaka wata ƙasa, su kama tafiyar ƙasa ta mako huɗu ko biyar, rana ta doke su, ruwa ya jiƙa su, kuma da kuɗinsu suka sayi wannan wahala. Abin da ya fi ban mamaki kuma shi ne, da yawa daga cikinsu sukan ce komawa gida bayan an gama ya fi tafiyar kanta wuya.

Wannan al'ada ba ta yiwu ba sai da aka sami abu biyu, wato lokaci da hanya. Ta fuskar lokaci, a 1936 ne gwamnatin Faransa ta kafa dokar ba ma'aikata hutun mako biyu a shekara tare da albashinsu, Ingila kuma ta yi tata dokar hutu da albashi a 1938. Yanzu dokar Tarayyar Turai ta wajabta a ba kowane ma'aikaci aƙalla mako huɗu. Ta fuskar hanya kuwa, sai da aka yi gwagwarmaya. A da, a Ingila yawancin tsaunuka da makiyaya mallakar masu gandu ne, ba a yarda talaka ya ratsa su ba. A 1932 ɗaruruwan matasa suka hau tsaunin Kinda Sikawut da gangan ba da izini ba, har aka ɗaure waɗansunsu. Wani ɗan jarida mai suna Tom Stephenson ya kawo shawara a 1935 cewa a buɗe doguwar hanyar ƙafa a kan tsaunukan arewacin Ingila, amma sai a 1965 aka buɗe ta. Ita ce hanyar Fenayin, mai tsawon mil 268. A Amurka akwai wadda ta fi ta nesa ba kusa ba, wato hanyar tsaunukan Afalashiya, wadda aka kammala a 1937. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Men, kuma mai son ya gama ta a tafiya ɗaya sai ya ware wata biyar zuwa bakwai. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kai ƙarshenta.

Duk da haka, hanyar da ta fi jawo baƙi daga ƙasashen waje ita ce wadda ta nufi birnin Santiyago da ke arewa maso yammacin Sifen. Asalinta hanyar ibada ce ta Kirista. A ƙarni na 9 aka ba da labarin cewa an gano kabarin Yakubu, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa, a wannan wuri, aka gina majami'a a kansa, mutane suka riƙa zuwa ziyara daga ko'ina cikin Turai. A ƙarni na 12 har an rubuta littafi da ke bayyana wa matafiyi zangunan hanyar, da kogunan da ruwansu ke shayuwa da waɗanda ba ya shayuwa. Daga baya yaƙe-yaƙe da saɓanin addini suka sa hanyar ta kusa mutuwa. A tsakiyar shekarun 1980 waɗanda ke karɓar takardar shaidar kammala ta ba su kai dubu uku a shekara ba.

Wani limamin Kirista na ƙauyen Sebireiro, mai suna Elías Valiña, yana cikin waɗanda suka farfaɗo da ita. Shi ne ya bi hanyar da gwangwanin fenti yana zana kibiya mai launin rawaya a jikin duwatsu da bango da itatuwa, don kada baƙo ya ɓace. A 1987 Majalisar Turai ta ayyana ta a matsayin hanyar al'adu ta farko a nahiyar, a 1993 kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihi na duniya. Tun daga nan jama'a suka yi ta ƙaruwa. A 2019 fiye da mutum 340,000 suka karɓi takardar shaida, a 2023 kuwa sun haura 440,000. Cikinsu akwai Jamusawa da Italiyawa da Amurkawa, har da mutanen Koriya ta Kudu masu yawan gaske. Waɗansu ibada ce ta kawo su, waɗansu kuwa babu ruwansu da addini, sun zo ne bayan sun bar aiki, ko aure ya mutu, ko an yi musu rasuwa.

Sanannen reshen hanyar yana farawa ne daga wani ƙaramin gari a gindin tsaunukan Firanis, ta ɓangaren Faransa, kuma tsawonsa ya kusa kilomita 800. Wanda ke cin kilomita 25 kullum zai yi wata guda da 'yan kwanaki. Ranar farko ita ce mai tsanani, domin a ranar ake haye tsaunin a gangara cikin Sifen. Daga nan sai a ratsa Famfalona da Burgos, a shiga wani fili fetal na gonakin alkama inda inuwa ke da wuyar samu, har a kai Leyon, sa'an nan a hau tuddan Galisiya masu yawan ruwan sama. Kowane matafiyi yana riƙe da wata 'yar takarda wadda ake buga mata hatimi a masaukai da majami'u da shagunan shayi. Ba a ba mutum takardar shaida sai ya nuna ya taka aƙalla kilomita 100 da ƙafarsa, ko 200 a kan keke. Shi ya sa garin Sariya, wanda ke da ɗan fiye da kilomita 100 daga Santiyago, ya zama mafarin masu gajeren hutu.

Zaman yau da kullum a hanyar ba shi da sarƙaƙiya. Akan tashi da asuba, a yi tafiyar awa biyar ko shida, a sauka zango da azahar kafin rana ta yi tsanani. A wanke tufafin da aka cire a shanya, a duba bororon ƙafa, a ci abinci tare da waɗanda aka tarar. Masaukan masu arha ne, mutum ashirin ko fiye a ɗaki guda, ga minshari, wani lokaci ga kuɗin cizo, da ƙarfe goma na dare a kashe fitila. Ƙa'idar da tsofaffin hannu ke bayarwa ita ce kada nauyin jaka ya wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai ita. Saboda haka ba a kai mako guda mutum ya fara zubar da kayan da ya ɗauko yana zaton ba zai iya rayuwa babu su ba. A teburin abinci kuma ba safai ake tambayar mutum aikinsa ko muƙaminsa ba. Abin da ake tambaya shi ne daga ina ya taso yau, kuma yaya ƙafa.

To, a nan ne matsalar komawa gida take samo asali. Matafiyin zamanin da, in ya kai Santiyago, rabin tafiya ya yi, domin da ƙafa zai koma, kuma watannin komawar sukan ba shi damar sabawa da gida kaɗan-kaɗan tun kafin ya ga ƙofarsa. Matafiyin yau kuwa yakan karɓi takardarsa da safe, ya hau jirgin sama, cikin awa biyu ya sauka London, ran Litinin ya tarar da tulin wasiƙu a ofis. Wata masaniyar halayyar al'umma Ba'amurkiya, Nancy Frey, ta bi waɗannan matafiya har gidajensu, ta wallafa littafi a kan su a 1998. Ta nuna cewa mutane sukan shafe watanni suna shirin tafiya, amma ba su yin shirin dawowa, kuma da yawa sukan sami kansu cikin kaɗaici da rashin sukuni a cikin gidajensu.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Na farko jiki. Jikin da ya saba motsi na awa shida a sarari, da hasken rana da barcin gajiya, sai a wayi gari an zaunar da shi a kujera daga safe har yamma. Cin abincin da ya saba bai ragu ba, aikin da ke ƙona abincin kuwa ya tsaya, sai ƙiba ta biyo baya, barci ya ƙi zuwa. Na biyu shi ne hankali. A hanya buri ɗaya ne, kuma kibiya tana nuna inda za a bi, kowace yamma mutum yana iya ƙirga abin da ya cim ma. A gida kuwa ga kuɗin haya, ga makarantar yara, ga aikin da ba a ganin ƙarshensa. Na uku mutane. Abokan da aka yi mako uku ana raba gurasa da magani da su sun watse zuwa nahiyoyi daban-daban. Mutanen gida kuma za su saurari labari sau ɗaya, su dubi hotuna, su koma harkarsu. Kada a manta, matar da aka bari da yara da cefane har wata guda ita ma ta yi tata tafiyar, tana kuma da haƙƙin a tambaye ta yadda ta ƙare. Aure da yawa ya sha girgiza saboda wanda ya dawo ya ɗauka shi kaɗai ne ya ga wani abu.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga Hausawa. Kafin jirgin sama ya yawaita, mahajjata sukan bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, suna tafiya suna tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri, waɗansu su shekara biyar ko fiye kafin su dawo, waɗansu kuma su zauna Sudan ɗungurungum, zuriyarsu na can har yau. Amma wanda ya dawo, gari ne ke tarbarsa. Za a zo yi masa barka da zuwa kwana da kwanaki, ya raba tsaraba, ya ba da labari sau ɗari ba a gaji ba, a kuma sauya masa suna a kira shi Alhaji. Wato al'umma ta tanadi hanyar mayar da matafiyi cikinta. Baturen da ya sauka a filin jirgi da jakarsa mai ƙura ba shi da irin wannan gata.

Saboda haka matafiyan suka ƙirƙiro nasu dabarun. Waɗansu in sun kai Santiyago sai su ƙara kwana uku ko huɗu, su taka kimanin kilomita 90 zuwa Finistere a bakin Tekun Atlantika, inda ƙasa ta ƙare, don su gama tafiyar cikin natsuwa. Waɗansu sukan bar kwana biyu ko uku na hutunsu su zauna gida kafin su koma aiki. Akwai ƙungiyoyin tsofaffin matafiya a ƙasashe da yawa, kamar wadda aka kafa a London a 1983, inda mutum zai sami masu sauraron labarinsa ba da ƙosawa ba. Waɗansu kuma sukan koma Sifen su yi mako biyu suna aikin sa kai a masaukai, suna shara da dafa wa sababbin zuwa abinci. Shawarar da aka fi maimaitawa ita ce kada mutum ya yi gaggawar ajiye aikinsa ko sayar da gidansa a watan farko, domin hukuncin da aka yanke cikin kewa ba kullum yake ɗorewa ba.

An ce tafiya mabuɗin ilmi, amma a gida ake gane ko an karu. Waɗanda suka fi cin moriyar hanyar su ne waɗanda suka ɗauko ƙananan abubuwa daga cikinta suka dasa a zamansu na kullum: tafiyar awa ɗaya a ƙasa kowace safiya, rage tarkacen da ba a bukata, da zama cin abinci tare da iyali ba tare da gaggawa ba. Takardar shaidar dai takan ƙare a jikin bango ko cikin akwati, ran Litinin kuwa tana nan tana zuwa kowane mako.