Zazzaɓin da Ke Bin Hanyar Alhazai

Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar Makka ta ƙasa daga Maiduguri yake miƙa gabas: Gamboru, Kusiri, Njamena, Abeche, Janaina, har bakin Bahar Maliya. Da yawa guzuri ya ƙare musu a hanya, suka yada zango suka zauna. Jikokinsu na cikin Hausawan Gadarif da Kasala na yau, kuma zumunci bai yanke ba. Fatauci da aure suna kai wasu suna kawo wasu.

A 2018 zazzaɓin cikungunya ya kwantar da Kasala. Mutanen gari suna ce masa kankasha. Kafin watan Oktoba an lissafa fiye da mutum 13,000. Bai cika kisa ba, amma yana kama gaɓoɓi, ya lanƙwashe ƙato ya kasa miƙewa, wani ma ya yi watanni yana ɗingishi. Ga ɗan dako ko mai aikin gona da sai ya fita ake ɗora tukunya a gidansa, wannan ba ƙaramar masifa ba ce. A 2020 sai ga shi a Abeche ta Chadi, inda ya kama dubban mutane cikin 'yan makonni. Abeche kuwa kan hanyarmu take. Ɗan'uwansa dengi ya daɗe a Jidda tun 1994, ya kuma addabi Gadarif bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a 2023, lokacin da asibitoci suka durƙushe.

Sauron da ke ɗauke da su daban yake da na maleriya. Baƙi ne mai zanen fari a ƙafa, da rana yake cizo, don haka gidan sauron dare ba ya tare shi sosai. A ruwa mai kyau yake ƙwai: randa, duro, tsohuwar taya. Ƙwan na iya yin watanni a bushe yana jiran ruwa. Shi sauron ba ya nisa. Mutum ne ke tsallaka iyaka da ƙwayar cutar a jininsa, kusan mako guda, sauron gida ya cije shi ya kai wa maƙwabci.

Abin da ya fi damuna yana nan gida. Masu bincike a Jami'ar Maiduguri sun daɗe da gano alamun dengi a jinin majinyatan da aka ɗauka maleriya ko taifot ke damunsu. Duk da haka, baƙon da ya sauka daga gabas da jiki zau, kyamis ake kai shi, a haɗa masa maganin maleriya, wani lokacin har da asfirin, wanda ke ƙara haɗarin zubar jini ga mai dengi. Bayan ambaliyar madatsar Alau da ta shafi Maiduguri a Satumbar 2024, gidaje da yawa a duro suka riƙa tara ruwa, inda wannan sauro ke ƙwai. Ya kamata ma'aikacin lafiya ya riƙa tambayar mai zazzaɓi daga ina ya taso, asibitocinmu kuma su samu kayan gwajin da za su tabbatar da amsar.