Diyyar sakaci: Abin da shari'ar Trovan ta Kano ta nuna game da zuwa kotu

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a arewacin Najeriya, ta hallaka dubban mutane. Ana cikin haka ne ma'aikatan kamfanin haɗa magunguna na Pfizer suka sauka a Asibitin Zana da ke Kano, suka gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka saka a gwajin: rabi aka ba su Trovan, rabi kuma wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki.

Iyaye sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar.

Aka shigar da ƙara a birnin New York na Amurka a 2001, gwamnatin Kano ta shigar da tata a 2007. A 2009, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, aka sasanta a wajen kotu kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Miliyan 35 aka ware wa waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 don ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuma kuɗin shari'a. Sai a watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne, bayan an yi musu gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara 15 ke nan da faruwar lamarin, kuma wannan shari'a ce da gwamnati ta tsaya mata.

To yaya mutumin Tamawa, ko wani ƙauye a Kurfi ko Dutsin-Ma, wanda wayar lantarki ta faɗo wa ɗansa, ko direba ya take masa shanu da ganganci?

Dokar da muka gada daga Ingila ta buɗe masa ƙofa. Tushenta wata shari'a ce ta 1932, inda wata mata a Scotland ta yi ƙarar mai kamfanin lemo saboda ruɓaɓɓen dodon koɗi da ta ce ta gani a kwalba. Abu uku mai ƙara zai tabbatar: akwai haƙƙin kulawa a wuyan wanda yake ƙara, ya yi sakaci da shi, kuma sakacin ne ya jawo cutarwar. Na ukun nan shi ya fi wuya, domin lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ciwon ne ya yi kisa, kamar dai yadda aka faɗa a Kano.

Diyyar kala biyu ce. Akwai ta kuɗin da aka kashe, irin su magani, kuɗin mota da asarar kasuwa, wadda kotu ke so a lissafa ta dalla-dalla da hujja. A nan mutanenmu ke faɗuwa, don ba kasafai muke ajiye rasit ɗin kemis ba. Ɗayar ta raɗaɗi ce da nakasa, alƙali ne ke ƙiyasta ta.

Sai batun lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara, ko da yake kotuna sun yi togaciya a wasu lamura. Iyalin da ke zaman makoki, dangi na ta cewa a bar wa Allah, wata ukun kan shuɗe ba su ankara ba.

Ni dai ban ga inda neman haƙƙi ya ci karo da tawakkali ba. Musulunci da kansa ya wajabta diyya a kisan kuskure, raƙuma 100 ko dinare 1,000, ya kuma bar wa magada zaɓin yafewa.

Wanda ba shi da kuɗin lauya zai iya tuntuɓar hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, wadda ke da ofishi a Katsina. Hukumar kula da likitoci kuwa tana iya dakatar da likita ko ta soke lasisinsa, amma ba ta yanke diyya, wannan sai kotu.