Ina Zan Samu Wurin Motsa Jiki a Ƙaraye da Rogo?

Yau batunmu kan wata tambaya ce da matasan yankin Ƙaraye da Rogo ke yawan yi: "Ina so in fara motsa jiki, amma a garinmu ina zan je?" Mutum ya kalli bidiyon jim a TikTok, ga na'urori ga madubi, sai ya ce ai wannan sai 'yan birni. Shi ke nan ya haƙura, tumbi na ta fitowa.

To bari mu fara da abin da jiki ke buƙata. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keke. Idan mai tsanani ne irin gudu ko ƙwallo, minti 75 zuwa 150 ya wadatar. Sai kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ka raba minti 150 a kwana 5, minti 30 ke nan kullum. Ka lura, babu inda aka ce dole sai da na'ura.

Ka ga kuwa daga Ƙaraye zuwa Kano tafiya ce ta kusan kilomita 90. Wa zai riƙa biyan kuɗin mota sau uku a mako don ya je ɗaga ƙarfe? Wurin da zai amfane ka shi ne wanda ƙafarka za ta kai ka cikin minti goma.

Na farko, filin makaranta. Ka leƙa filin firamare ko sakandaren unguwarku bayan asuba ko bayan la'asar, za ka tarar da 'yan ƙwallo suna atisaye. Yawancin kulob ɗin unguwa suna da koci, kuma kafin a taɓa ƙwallo sai an yi sassarfa da miƙe jiki. Ba sai ka iya ƙwallo ba. Ka gaishe shi, ka ce kana so ka riƙa shiga tirenin ɗin farko. Da wuya a kore ka.

Na biyu, masu ɗaga ƙarfe. Irin waɗannan wurare ba su da allon talla, baki ne ke kai mutum. Ka tambaya a shagon aski, ko gidan kallon ƙwallo, ko wajen 'yan acaɓa. Galibi kayan nasu siminti ne da aka zuba a gwangwani aka soka ƙarfe, kuma yana aiki. Ko a gida ma, lita 1 ta ruwa nauyin kilo 1 ce, don haka jarka mai lita 10 ta ba ka kilo 10.

Na uku, malamin motsa jiki na makarantar sakandare, da 'yan kokawa da dambe. Waɗannan mutane ne da suka san jiki, kuma an fi samunsu bayan kaka, lokacin da aikin gona ya lafa.

'Yan uwa mata, ba a manta da ku ba. Ke da ƙawayenki uku ko huɗu, ku zaɓi gida mai faɗin tsakar gida, ku sa lokaci. Tsallen igiya, tsugunawa da miƙewa, zagaye da sauri. Ɗaya ta sauke bidiyon darasi a wayarta lokacin da take da data, ta tura wa sauran. Ajin motsa jiki ke nan, ba ko sisi.

Yanzu ta yaya za ka gane wuri mai kyau? Mai koyarwa na kirki zai tambaye ka ko kana da hawan jini, asma ko tsohon ciwo. Zai fara da kai daga ƙaramin nauyi. Amma wanda ranar farko ya ɗora maka abin da ya fi ƙarfinka don a yi maka dariya, ko ya kawo maka wata ƙwaya ko allura wai ta sa ƙwanji ya fito da wuri, to ka gudu. Irin waɗannan magunguna suna illata zuciya da hanta. Idan kuma ana biyan kuɗi ne, ka fara gwada sati ɗaya kafin ka biya na wata.

Sai lokaci. Daga Maris zuwa Mayu rana ba ta da wasa, ka tsaya da sassafe ko gab da magariba, da ruwanka a hannu. Ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa, mai asma ya yi nasa a cikin gida. Kuma don Allah, kada a mayar da dam ɗin Challawa wurin koyon iyo. Ga haɗarin nutsewa, ga tsargiya da ake kwasa a ruwan da ke kwance.

Wani zai ce, "Ni da nake wuni a gona?" Gaskiya ne, mai noma da damina ya riga ya cika nasa. Matsalar tana ga mai zaman shago, da ɗan acaɓa, da ɗalibi, da shi manomin kansa idan rani ya shigo. Hawan jini da ciwon suga ba sa tambayar ko kai ɗan birni ne. Idan ka haura shekara 40, ko ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri, ka fara zuwa asibiti a auna ka.

Aikin wannan makon: gobe da safe ka leƙa filin da ya fi kusa da gidanku, ka tafi da aboki ɗaya. Mu haɗu a shiri na gaba, a kula da lafiya.