An Kama Yaro da Ƙwaya: Me Doka Ta Ce, Me Shari'a Ta Yarda Mu Yi?

  

'Yan'uwa masu karatu, akwai tambayar da ta yawaita a zaurukan karatunmu, daga Mayo da Ingaz a Hartum har Umbadda a Umdurman: an kama yaro da bango ko ƙwaya, yana tsare a hannun 'yan sanda, me iyaye za su yi? Wasu sukan ce a ƙyale shi, shi ya jawo wa kansa, ɗaukar masa lauya ma taimako ne a kan saɓo. Wasu kuma sukan sayar da ɗan abin da suka mallaka su shiga neman wanda za a gani a ɓoye. Duka hanyoyin biyu ɓata ne. Tsayawa wa wanda aka kama don a yi masa adalci halal ne, wani lokaci ma wajibi ne a kan danginsa, amma Shari'a ta yi wa wannan tsayawa iyaka. Za mu yi bayanin dokar ƙasa gwargwadon abin da iyaye ke buƙata, sannan mu nuna inda iyakar take.

Hukuncin abin da kansa

Babu saɓani tsakanin malamai a kan haramcin duk abin da ke gusar da hankali, ko bango ne, ko taramol da aka sha ba don magani ba, ko kabtagon, ko wannan da ake kira ayis wanda ya addabi samarinmu a 'yan shekarun nan. Inda suka yi saɓani shi ne ukubar. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 728 bayan Hijira, yana ganin mai shan hashisha haddin giya ne a kansa. Imam Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684, ya rarrabe a littafinsa Al-Furuƙ tsakanin abin da ke sa maye irin na giya, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke kwantar da mutum ya fita hayyacinsa. Ya sa hashisha cikin masu ɓata hankali, don haka hukuncinta ta'aziri ne, wato horon da shugaba ko alƙali ke ƙaddarawa bisa maslaha. Dokar Sudan ta ƙwayoyi a babin ta'aziri take. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani nan gaba.

Lambar sashe ita ce rabin shari'ar

Dokar da ake hukunci da ita ita ce Dokar Muggan Ƙwayoyi da Abubuwa Masu Juya Hankali ta 1994. Abin da ya kamata uba ya fara tambaya idan ya isa ofishin 'yan sanda shi ne: a ƙarƙashin wane sashe aka buɗe balagin, wato ƙarar?

Sashe na 20 na wanda aka samu da abin don shan kansa ne. Hukuncinsa ɗauri ne da bai wuce shekara 5 ba, tare da tara. Sashe na 16 na wanda ya miƙa wa wani ne ko ya tanadi wurin sha, kuma ya fi na 20 nauyi. Sashe na 15 kuwa na fatauci ne, kuma saye da sayarwa da ɗauka daga wuri zuwa wuri da ajiyewa don ciniki duk suna cikinsa. Hukuncinsa ɗaurin rai da rai, wanda Dokar Laifuffuka ta 1991 ta ƙayyade da shekara 20. Yana iya kaiwa ga kisa idan mutum ya maimaita laifin, ko ya yi amfani da ƙaramin yaro, ko yana aiki da ƙungiyar fatauci ta ƙasa da ƙasa.

Kun ga ke nan tsakanin 20 da 15 akwai rayuwar mutum ɗungurum. Abin da kotu ke dubawa don rarrabewa shi ne yawan abin da aka kama, da yadda aka ƙulla shi, da ko an samu sikeli ko kuɗin ciniki, da saƙonnin da ke cikin waya, da abin da yaron ya faɗa da bakinsa a ranar farko. Yaro yana iya cewa "ai ba nawa ba ne, wane ne ya ce in kai wa wane", yana zaton ya wanke kansa, alhali da wannan maganar ya fitar da kansa daga sahun masu sha ya shiga sahun masu ɗauka. Wannan kaɗai ya isa dalilin neman lauya tun daren farko, kafin a rubuta abin da ba ya goguwa.

Haƙƙin wanda ke tsare

Dokar Tsarin Shari'ar Laifuffuka ta 1991 ta ba 'yan sanda awa 24 su tsare mutum don bincike. Daga nan wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara, yana iya ƙarawa har kwana 3. Abin da ya wuce haka sai da umarnin alƙali, shi ma a ƙayyadaddun lokuta ake sabunta shi. Dokar ta ce a kiyaye mutuncin wanda aka kama, kada a cutar da jikinsa ko hankalinsa, a ba shi magani idan ba shi da lafiya, a bar shi ya sanar da iyalinsa ya kuma gana da lauyansa. Binciken gida a ƙa'ida da takardar izini ake yinsa, a gaban shaidu biyu, mace kuma mace ce ke bincikar jikinta. Abin da aka kama ana kai shi ɗakin gwaji na 'yan sanda don a tabbatar da mene ne. Iƙirarin da aka samu ta hanyar tilas ko yaudara Dokar Shaida ba ta ɗauke shi ingantacce ba, kuma haka yake a mashahurin zancen Malikiyya.

Mun sani tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 abubuwa sun rikice, an fasa gidajen yari irin su Kobar da Huda, takardu sun ɓace, kuma abin da ke rubuce ba kullum yake tafiya yadda aka rubuta shi ba. Duk da haka, wanda ya san haƙƙinsa ya fi wanda bai sani ba, kuma abin da lauya ya rubuta ya shigar yau shi ake dubawa gobe a wurin ɗaukaka ƙara.

Akwai abubuwa huɗu da suka shafe mu musamman. Na farko harshe: da yawa cikin tsofaffinmu da waɗanda suka zo daga ƙauyukan Sinnar da Gadarif suna jin Larabcin kasuwa amma ba sa jin na kotu. Mutum yana da haƙƙin a fassara masa, kuma kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masa ya fahimta ba. Na biyu takardun zama ɗan ƙasa: a kai lambar ƙasa da takardar haihuwa da wuri, domin baƙon da aka samu da laifi ana iya korarsa daga ƙasar bayan ya gama ɗauri, kuma mun san yadda ake saurin ɗaukar Bahaushe baƙo ko da a nan aka haifi kakansa. Na uku shekaru: wanda bai kai 18 ba yaro ne a Dokar Yara ta 2010, shari'arsa ta sashen kare iyali da yara ce da kotun yara, ba a haɗa shi da manya. Na huɗu, wanda likita ya rubuta wa magani irin taramol ya adana takardar likitan, ita ce hujjarsa.

Wanda ba shi da halin biyan lauya, idan laifin da ake tuhumarsa da shi hukuncinsa ya kai shekara 10 ko kisa, doka ta ɗora wa Ma'aikatar Shari'a ta naɗa masa mai kare shi. A nema a rubuce. Bayan hukunci kuma kwana 15 ne kacal na ɗaukaka ƙara, kada a ɓata su wajen kuka da zaman jaje. Hukuncin kisa da na rai da rai sai Kotun Ƙoli ta tabbatar da su.

Shin ɗaukar lauya ya halatta?

Ya halatta. Malaman fiƙihu suna kiransa wakilci a cikin husuma, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, yakan wakilta ɗan'uwansa Aƙilu ya tsaya masa a shari'a. Asali a Musulunci mutum kuɓutacce ne har sai hujja ta tabbata, kuma kawo hujja a kan mai tuhuma yake. Ko wanda ya aikata laifin yana da haƙƙin kada a ɗora masa fiye da abin da ya yi. Mai sha da aka rubuta shi a matsayin mai fatauci an zalunce shi, kuma ture zalunci daga Musulmi aikin lada ne. Tun da kuma hukuncin ta'aziri ne, babu laifi a roƙi sassauci a gaban alƙali a fili: a nuna yarinta, ko cewa karo na farko ne, ko yana da iyali, ko yana buƙatar magani. Ceton da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Usama ɗan Zaidu a kan matar nan ta Banu Makhzum, ceto ne a kan haddi bayan magana ta isa ga shugaba.

To ina iyakar? Ku duba tafsirin Suratun Nisa'i daga aya ta 105. Wani daga Banu Ubairiƙ ya yi sata, aka jefa laifin a kan mutumin da bai ji ba bai gani ba, danginsa kuma suka zo suna kare shi. Allah Ya saukar da ayoyi Ya wanke wanda aka yi wa ƙage, Ya hana a zama mai jayayya domin maha'inta. Irin wannan muke gani yau: a ce ƙunshin na direban raksha ne, ko na ɗan haya, ko a lallashi ƙaramin ƙane ya ɗauki laifin wansa don an ce hukuncin yara da sauƙi. Wannan haramun ne ƙarara. Haka sayen shaidu, domin shaidar zur tana cikin mafi girman kaba'irai. Haka cin hanci don a sauya abin da aka kama ko a ɓatar da takarda: an la'anci mai bayarwa da mai karɓa, kuma laifi ne a doka da zai iya kai uban ɗaki ɗaya da ɗansa. Hadisin Ummu Salama ya gargaɗe mu cewa wanda ya ci shari'a da iya baki alhali ba shi da gaskiya, yankin wuta aka yanka masa. Aya ta 135 a wannan sura kuma ta umarce mu da tsayawa kan adalci ko da a kan kanmu da iyaye da makusanta.

Ma'aunin dai mai sauƙi ne. Ka ce wa mai tuhuma ya kawo hujjarsa, ka nuna inda aka saɓa ƙa'ida, ka nemi sassauci, duk wannan naka ne. Ƙirƙirar abin da bai faru ba, ko jefa wani a ramin, nan ka fita daga halal.

Abin da ke biyo bayan hukunci

Ɗauri ba shi ne ƙarshen asarar ba. Akwai tara, wadda rashin biyanta ke ƙara kwanakin kurkuku. Akwai ƙwace abin hawan da aka yi amfani da shi, shi ya sa muke jan kunnen masu raksha da Amjad da masu ba da su haya: ku san wanda kuka ba makulli, kada kuma ku karɓi saƙon da ba ku san abin da ke ciki ba, ko a Suk Libya ko a tashar mota. Masu tafiya Umra da aikin Hajji su ninka wannan taka-tsantsan, domin Saudiyya tana zartar da hukuncin kisa a kan safarar ƙwayoyi. Akwai kuma fish, wato takardar tarihin laifi, wadda ake nema wajen ɗaukar aiki da bizar aiki a ƙasashen Larabawa. Yaro zai fito yana da shekara 25 ya tarar ƙofofi da yawa sun rufe. Ga matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ciyar da su bai faɗi ba don an ɗaure shi. Ga ƙannensa mata da ake fasa neman aurensu saboda laifin da ba su yi ba, alhali a addininmu wani ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani.

A nan aikin jama'ar masallaci yake. A zamanin Annabi akwai mutumin da ake yawan kawowa saboda shan giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ya hana sahabbai su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An tsayar da hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba. Wanda ya fito daga kurkuku ya tarar babu mai amsa sallamarsa sai abokan da suka kai shi can, ai mun san inda zai koma.

Saboda haka muna ba kwamitocin masallatanmu shawara su san lauya amintacce ɗaya ko biyu tun kafin buƙata ta taso, su kuma ware wani abu don iyalan waɗanda ke tsare, domin matalauta daga cikinsu suna cikin masu cin zakka. A riƙa ziyartar ɗaurarru, a kai musu Alƙur'ani da sabulu da labarin gida. Masu sana'a su karɓi wanda ya fito su koya masa aiki. Wanda kuma ya ga alamun shaye-shaye a ɗansa, kada kunya ta sa ya ɓoye har sai 'yan sanda sun buga ƙofa. Jarabar ƙwaya cuta ce da likitocin ƙwaƙwalwa ke yi wa magani, kuma asibitin Tijani Al-Mahi da ke Umdurman da wannan fanni aka san shi tun da daɗewa. A haɗa addu'a da magani, a kai yaro wurin likita tun yana hannun iyayensa.

Wannan bayani na faɗakarwa ne, kowace shari'a kuma da yanayinta, don haka a koma ga lauya a kan abin da ya shafi mutum shi kaɗai. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kuɓutar da wanda aka zalunta, Ya karɓi tuban wanda ya yi kuskure, Ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiya. Allah ne Mafi sani.