Malaman Kiɗa Na Jami'a Da Daren Da Suke Hawa Dandali

A cikin malaman jami'a, malamin kiɗa yana da wani nauyi wanda babu shi a kan sauran 'yan'uwansa. Malamin tarihi yana iya rubuta littafi ya koma gefe ya jira abin da masana za su ce. Shi kuwa malamin kiɗa, tilas wata rana ya sa tufafinsa masu kyau, ya hau dandali a gaban ɗalibansa da abokan aikinsa, ya zauna gaban piyano ya kaɗa na tsawon sa'a guda ko fiye. In yatsa ya zame, kowa ya ji, har da ɗalibin da ya kayar a jarrabawa jiya.

Wannan al'ada daga Turai ta fito. A shekarar 1840 wani makaɗin piyano ɗan ƙasar Hangari, Franz Liszt, ya cika zaure a birnin Landan shi kaɗai, ba mawaƙi ba mataimaki, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani. Daga baya makarantun kiɗa suka mai da irin wannan zama wani ɓangare na aikin malami.

Wanda ya saba da kiɗan biki zai sha mamaki in ya shiga irin wannan zaure. Ba rawa, ba guɗa, ba liƙi, ba maroƙi. Ana ba kowa takarda mai ɗauke da sunayen kaɗe-kaɗen da za a yi da sunayen waɗanda suka rubuta su, waɗansunsu sun rasu shekaru ɗari biyu da suka wuce, kamar su Bach da Mozart da Beethoven. Jama'a su yi tsit. Ko tafi ba a yi sai kiɗan ya ƙare ɗungurungum, don kuwa kiɗa guda yakan kasu kashi uku ko huɗu, kuma shirun da ke tsakaninsu ana lissafa shi cikin kiɗan. Baƙon da ya yi tafi a tsakiya yakan ga idanu sun juyo kansa.

A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashen koyar da kiɗa a shekarar 1961, aka kuma sa masa sunan Fela Sowande, mutumin da ya yi shekaru yana kaɗa ogan, watau babban abin kiɗan nan mai bututai, a Kingsway Hall ta Landan. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da karatu a can. Amma kafin nan da bayan nan an sami malamai a Ikko da Ife da Badun waɗanda suka ɗauki wannan aiki da gaske.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Ayo Bankole, wanda aka haifa a Jos a shekarar 1935. Ya yi karatu a makarantar Guildhall ta Landan da Jami'ar Kambirij, ya yi aiki a gidan rediyon tarayya, sa'an nan ya zama malami a Jami'ar Ikko a 1969. Ya rubuta kiɗa domin piyano da ogan da ƙungiyar mawaƙa, da yawansu a kan karin waƙoƙin Yarbawa. An kashe shi tare da matarsa a Ikko cikin watan Nuwamba na 1976, yana da shekara 41, watanni kaɗan kafin bikin Festac na 1977.

Tambayar da ta dami waɗannan malamai ita ce, wa ake yi wa kiɗan? Zauren yakan cika da malamai da Turawa da 'yan tsirarun ɗalibai, alhali a waje jama'a na ta rawar hailaif da juju. Akin Euba, wanda ya koyar a Ife da Ikko, shi ne ya fi kowa zurfafa tunani a kan wannan. Ya yi digirinsa na dokta a Jami'ar Gana a 1974 a kan kiɗan dundun na Yarbawa, wanda ɗan'uwan kalangu ne: a matse igiyoyinsa, muryarsa ta hau ko ta sauka har ya yi magana. Euba ya lura cewa piyano ma, in aka buɗe cikinsa, ƙananan gudumomi ne ke dukan tsirkiya, saboda haka babu abin da zai hana a kaɗa shi da salon makaɗan ganga, da maimaici da amshi da kiɗa biyu masu saɓawa a lokaci guda. Da wannan ra'ayi ya rubuta "Scenes from Traditional Life" a 1970. Joshua Uzoigwe, tsohon ɗalibin Nsukka, ya bi sawunsa da wani aiki mai suna "Talking Drums". Shawara ce mai kyau ƙwarai, ko da yake ba ta kawo jama'ar kasuwa cikin zauren ba.

Akwai kuma wahalar kayan aiki, wadda ba a cika faɗa ba. Piyano yana da madannai 88 da tsirkiyoyi fiye da 200, kuma jikinsa katako ne. Damina ta kumbura shi, hunturu ya busar da shi, muryarsa ta karkace, sai an nemo gwanin gyara, waɗanda kuwa ba su da yawa. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, malamai da dama suka bar ƙasar. Euba kansa ya tafi Jamus, daga nan Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, ya kuma rasu a 2020.

A Ikko, ƙungiyar MUSON da aka kafa a 1983 ta gina zaurenta a Onikan, masu wannan kiɗa suka sami wurin fakewa a wajen jami'a. A ƙetare kuma, William Chapman Nyaho, makaɗi kuma malami ɗan asalin Gana, ya ɗauki kiɗan Uzoigwe a faifai a 2003. Rebeca Omordia, wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, ta fitar da faifai mai ɗauke da ayyukan Bankole a 2018, shekara 42 bayan rasuwarsa.