Smash Hits: Mujallar da Ta Bar Wa Matasa Zaɓen Fuskar Bango

Kafin Smash Hits ta fito sosai a Ingila cikin Nuwamba 1978, sai da Nick Logan, tsohon editan jaridar waƙoƙi ta NME wanda ya ƙirƙiro ta, ya buga fitowar gwaji don a ga ko 'yan makaranta za su saya. Suka kuwa saya. Tun daga nan mujallar, wadda kamfanin EMAP ke bugawa, ta ginu a kan sauraren mai saye: wanda yara ke so, shi ne a bango, ko da edita ba ya jin waƙarsa.

Hanyoyin jin ra'ayin suna da yawa. Ga wasiƙun masu karatu, ga ƙuri'ar ƙarshen shekara wadda daga 1988 ta koma biki da ake nunawa a talabijin. Sai kuma alƙalin da ba ya sassauci, wato kwantan da masu sayar da jarida ke dawowa da shi. A Jamus ma mujallar Bravo ta riga Smash Hits, domin tun 1957 masu karatunta ke zaɓen taurarin da za a ba kyautar Otto. Daga 1959 ta shiga yanka hoton tauraro gunduwa-gunduwa, kowane mako guntu ɗaya, yaro ya tara ya liƙa har mutum guda ya tsaya a bangon ɗakinsa. Wayon 'yan kasuwa ke nan: wanda ya sami ƙafa ai ba zai bari kai ya wuce shi ba.

Dalilin duk wannan kuɗi ne. Babba kan biya kuɗin mujallarsa na shekara, ita kuwa yarinya 'yar shekara 13 ɗan abin kashewarta ne a hannu, kuma a gaban kantar mai jarida take yanke shawara. Dole bangon ya kira ta daga nesa: fuska ƙatuwa tana kallon mai kallo, launi mai ɗaukar ido, sunayen mawaƙan da aka buga baitocinsu a ciki, da sitika ko baji a manne kyauta. Abin ya ci. Fitowar Smash Hits ta 1989 mai ɗauke da mawaƙa Kylie Minogue da Jason Donovan ta kai kwafi miliyan ɗaya.

Sai dai in ka tambayi yaro me yake so, abin da ya riga ya sani zai faɗa maka. A ganina nan ne raunin yake. Fuskoki ƙalilan suka riƙa zagayawa a bango, su Take That yau, su Spice Girls gobe. Ga shi matashi ba ya daɗewa a matashi. Shekara uku ta isa ya fara jin kunyar abin da ƙanwarsa ke liƙawa a ɗaki. Manyan suka janye, masu karatun suka yi ta ƙanƙancewa. Da intanet ta zo tana raba baitoci da hotuna kyauta, abin da ake sayen mujallar dominsa ya ƙare. An rufe ta a Fabrairu 2006, tana sayar da kimanin kwafi 120,000.

Aikin tambayar bai mutu ba, wuri ya sauya. Tun 2024 YouTube ke barin mai tasha ya ɗora hoton bango har uku a kan bidiyo ɗaya, a raba wa masu kallo, wanda aka fi daɗewa ana kallon bidiyon ta dalilinsa shi ne zai tsaya.